Me Ya Haɗa Jarina da Mashigin Hormuz? Amsoshin Tambayoyinku kan Mai, Siyasar Duniya da Bayanan Sirri

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan sun karkata ga abu guda, wato yadda rikicin da ake yi a wata uwa duniya yake biyo hanya har ya taɓa kuɗin mutumin da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi. Ga kaɗan daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekaru sun fara ja, ina so in cire wani kaso na uwar kuɗina in sa shi inda zai riƙa kawo wani abu ba tare da zaman shago ba. Babban ɗana ya ce in sayi hannun jarin kamfanonin mai, domin a cewarsa duk lokacin da aka yi rikici a Gabas ta Tsakiya farashin mai tashi yake yi, rikici kuwa ba ya ƙarewa a can. Shin wannan lissafi ya yi? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya shi wa yaron albarka da yake tunanin makomar dukiyar gida. Maganarsa ba ta rasa tushe ba, amma ta tsaya a rabin hanya, kuma a sauran rabin ne mutane suka fi yin asara.

Tushen maganar shi ne, duniya tana shan mai sama da ganga miliyan 100 a kowace rana, kuma wannan buƙata ba ta raguwa da sauri don farashi ya tashi, domin direban tirela da jirgin sama da masana'anta ba su da wani abin da za su zuba wa inji gobe da safe idan ba shi ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan mai yana bi ne ta mashigin Hormuz, wata siririyar hanyar ruwa tsakanin Iran da Oman wadda faɗinta a inda ta fi matsewa bai kai kilomita 40 ba. Ta nan akasarin man Saudiyya da Iraƙi da Kuwait yake fita, ta nan kuma iskar gas ɗin Katar take bi. Saboda haka duk ranar da aka ji ƙarar harbi a yankin, masu sayen man da za a kawo wata mai zuwa kan ƙara kuɗi tun kafin a rasa ganga ko ɗaya. A irin wannan rana wani ɓangare na farashin kuɗin fargaba ne, fargaba kuwa tana iya gushewa cikin mako guda.

Ranar Asabar, 14 ga Satumba, 2019, an kai hari da jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami kan cibiyar sarrafa ɗanyen mai ta Abƙaiƙ da filin mai na Khurais a Saudiyya. 'Yan Houthi na Yaman suka ce su ne, Amurka da Saudiyya suka ɗora laifin kan Iran, ita kuma ta musanta. A dare ɗaya aka rasa kimanin ganga miliyan 5.7 a rana, fiye da rabin abin da Saudiyya ke haƙowa a lokacin. Da aka buɗe kasuwa farashi ya yi tsalle da kusan kashi 20 cikin 100, amma cikin 'yan makonni ya dawo kusa da inda yake, saboda kamfanin man Saudiyya, Aramco, ya yi gyara cikin hanzari, ya kuma ɗebi man da ke rumbunsa ya cika wa masu saye alkawari. Wanda ya ji labarin harin ya ruga ya saya a ranar Litinin, ya saya ne a kan ƙololuwa.

Abin da ya faru a 1973 dabam ne. Lokacin yaƙin Oktoba na shekarar ƙasashen Larabawa suka rage haƙar mai, suka hana sayar wa Amurka da wasu masu goyon bayan Isra'ila, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni, kuma ba ta koma gidan jiya ba. Dalili shi ne, a wannan karon ikon yanka farashi ne ya bar hannun manyan kamfanonin Turawa ya koma hannun gwamnatocin da ke da rijiyoyin. Dattawan da suka ga zamanin Udoji, wato lokacin babban ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, sun san yadda wannan kuɗi ya kwararo Najeriya, sun kuma san yadda aka ji jiki da farashin ya faɗi a 1986. Abin da mai jari zai riƙa tambayar kansa kenan duk lokacin da labari ya ɓarke: ganga nawa aka rasa da gaske, har tsawon wane lokaci, kuma wa ke da rarar da zai cike gurbin?

Ko yaƙin Rasha da Yukren na 2022 bai bi lissafin ɗanka har ƙarshe ba. Farashin Brent, ma'aunin farashin ɗanyen mai a kasuwar Landan, ya taɓa dala 139 a farkon Maris, amma kafin shekarar ta ƙare ya sauko ƙasa da dala 90, domin man Rasha bai ɓace daga kasuwa ba, hanya kawai ya sake zuwa Indiya da Sin a kan rangwame, Amurka kuma ta fitar da ganga miliyan 180 daga rumbunta na ko-ta-kwana. Iskar gas ce ta yi wa Turai mugun rauni, saboda jirgin ruwa yana iya juya akala, bututu kuwa ba ya juyawa. Jamus da ke samun sama da rabin gas ɗin da take shigowa da shi daga Rasha ta wayi gari dole gwamnati ta karɓe kamfanin Uniper don kada ya ruguje, masu hannun jarinsa kuma suka rasa kusan komai, alhali kamfanin makamashi ne a shekarar da makamashi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba.

Sannan siyasar da ke ɗaga farashi ita ce ke kayar da shi. A Nuwamban 2014 ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, OPEC, bisa jagorancin Saudiyya, ta ƙi rage haƙa a lokacin da man Amurka ya cika kasuwa, ganga ta sauko daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, kuma a wannan shekara tattalin arzikin Najeriya ya shiga karaya. A Maris na 2020 Saudiyya da Rasha suka yi fito-na-fito kan rabon kasuwa daidai lokacin da annobar korona ta tsayar da sufuri, har ta kai ranar 20 ga Afrilu farashin man Amurka na WTI ya faɗi ƙasa da sifiri, wato mai kaya ne ke biyan wanda zai ɗauke masa.

Abin da ya fi damuna a lissafin, Alhaji, shi ne ya ɗauka farashin Landan shi ne ribar Legas. A 2022, lokacin da ƙasashen Larabawa ke tara rarar kuɗi, haƙar man Najeriya ta sauka ƙasa da ganga miliyan 1 a rana a watan Agusta saboda sata da fasa bututu, abin da ya shigo kuma tallafin fetur ya lashe shi. A Fabrairun 2016 an fasa bututun fitar da mai na Forcados, tashar ta shafe fiye da shekara tana rufe in ban da ɗan taƙaitaccen lokaci, kamfanonin cikin gida da ba su da wata mafita sai ita suka zauna da mai a rijiya da bashin dala a wuya. Ga kuma darajar naira: dala da ake canjawa a hukumance wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, don haka hannun jarin da ya ninka sau biyu a naira cikin wannan lokaci bai ma riƙe darajarsa ba ga mai sayo kaya daga waje irinka.

Ban ce kada ka saya ba. Amma ka je wurin dillalin hannun jari mai rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, ka sa ya gaya maka inda rijiyoyin kamfanin suke, ta wane bututu yake fitar da mai, ko yana da hanya ta biyu, da wane irin kuɗi ya ci bashi, kuma a wane farashin ganga yake fara yin asara. Idan ya kasa amsa waɗannan, ka nemi wani. Kuɗin da za ka buƙata cikin shekara ɗaya ko biyu kuwa, na auren yara ko na Hajji, kada ya shiga wannan kasuwa ko kaɗan.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karanta ilimin tattalin arziki. Muna yawan musu da 'yan ajinmu cewa manyan bankuna da kamfanonin mai suna samun bayanan sirri daga hukumomin leƙen asiri irin su CIA kafin kowa, shi ya sa su ke cin riba talaka yana asara. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Wannan tambaya ta fi ta kowa daɗin amsawa, domin akwai abin da ya faru a gaban idon duniya wanda ya gwada wannan zato.

Tun ƙarshen 2021 Amurka da Birtaniya suka fara faɗa a bainar jama'a cewa Rasha na shirin mamaye Yukren. Shugaban CIA na lokacin, William Burns, ya je Mosko a Nuwamba ya yi gargaɗi, daga baya kuma aka riƙa sakin bayanan da a da ake ɓoyewa, kamfanonin tauraron ɗan'adam masu zaman kansu irin su Maxar suna wallafa hotunan tankokin yaƙi a bakin iyaka, kowa yana gani a jarida kyauta. Duk da haka ƙasashen Turai da dama sun yi shakka, gwamnatin Yukren kanta ta riƙa kwantar wa jama'arta hankali, kuma ba a rasa dalilin shakkar ba: a ranar 5 ga Fabrairu, 2003, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Colin Powell, ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya da bayanan leƙen asiri cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi, aka yi yaƙi, aka lalata ƙasa, ba a sami makaman ba. Wanda aka taɓa yi wa haka yana da hujjar yin taka-tsantsan, sai dai a 2022 gargaɗin ya tabbata ranar 24 ga Fabrairu.

To, me manyan suka yi da wannan bayani? Kamfanin mai na BP, wanda babu mai cewa ba shi da kunne a gwamnatin Birtaniya, yana riƙe da kashi 19.75 cikin 100 na kamfanin Rosneft na Rasha har ranar da aka fara harbi. Kwana uku bayan haka ya ba da sanarwar janyewa, ya kuma rubuta asarar da ta haura dala biliyan 20. Shell da ExxonMobil suka bar ayyukansu na tsibirin Sakhalin. Kasuwar hannun jari ta Mosko ta rufe kusan wata guda, da ta buɗe aka hana baƙi daga ƙasashen da Rasha ta kira marasa abota sayar da nasu. Ita ma Rasha an daskarar mata da kimanin dala biliyan 300 na ajiyar babban bankinta a ƙasashen waje. Abin lura a nan shi ne, ko da BP ya gaskata gargaɗin tun Disamba, wa zai saye kusan kashi ɗaya cikin biyar na Rosneft cikin 'yan makonni, kuma a kan nawa? Labarin yana hannun kowa, ƙofar fita ce babu. A ganina wannan shi ne haɗari mafi girma a harkar jari, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi lokacin da riba ke shigowa: mutum ya auna ribar da zai ci, bai auna ko zai iya kwashe kayansa ranar da al'amura suka ɓaci ba.

Inda zaton 'yan ajinku yake da ƙamshin gaskiya shi ne, hukumomin leƙen asiri ba 'yan kallo ba ne kawai, wani lokaci su ne masu aikin. A 1951 firayim ministan Iran, Muhammad Musaddiƙ, ya mayar da kamfanin man Birtaniya da ke ƙasar mallakar gwamnati, a 1953 aka kifar da shi da hannun hukumomin leƙen asirin Birtaniya da Amurka, kuma a 2013 CIA ta saki takardun da suka tabbatar da hannunta. Kamfanonin Yamma suka koma Iran suka ci moriyar shekaru 25, sannan juyin juya halin 1979 ya kore su gaba ɗaya. Ranar 26 ga Satumba, 2022, aka fasa bututun gas na Nord Stream, wanda ya haɗa Rasha da Jamus, a ƙarƙashin tekun Baltik, hukumomin Suwidin da Denmak suka tabbatar cewa da gangan aka yi, suka rufe bincikensu a 2024 ba su ambaci sunan kowa ba. Bututun da aka kashe wa biliyoyin kuɗi ya zama tarkace a dare ɗaya.

Hanyar da bayanan sirri suka fi shiga kasuwa a kullum ita ce takunkumi. Jerin sunayen da ma'aikatar kuɗin Amurka ke fitarwa, na mutane da jiragen ruwa da bankunan da aka haramta hulɗa da su, ana gina shi ne da bin sawun kuɗi da sauraron sadarwa. A 2014 an ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 saboda ya yi wa Sudan da Iran da Kuba hada-hadar dala. A 2018, da Donald Trump ya fice daga yarjejeniyar nukiliyar Iran, kamfanin Total na Faransa ya bar aikin gas na Kudancin Pars a Iran, ba don dokar Faransa ta hana shi ba, sai don ba zai iya rayuwa ba tare da bankunan Amurka ba. Duk mai tura dala waje, har ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin kaya a Dubai ta hannun wani da bai san asalinsa ba, yana ƙarƙashin inuwar wannan tsari.

Fifikon da manyan 'yan kasuwar mai suke da shi a yau galibinsa na saye ne da kuɗi, a fili. Kamfanoni irin su Kpler da Vortexa suna bin kowane jirgin dakon mai ta na'urar da ke sanar da inda jirgi yake, idan kuma jirgi ya kashe na'urar don ɓoye lodin man Iran ko na Rasha, sai a neme shi a hoton tauraron ɗan'adam. Manyan tankunan ajiya suna da rufin da ke yawo a kan man, yana sauka idan mai ya ragu, don haka daga inuwar da bangon tanki ya yi a kan rufin ana ƙiyasta yawan abin da ke ciki. Akwai kuma kamfanonin ba da shawara da ke ɗaukar tsofaffin jami'an leƙen asiri da na diflomasiyya aiki. Masu inshorar jiragen ruwa a Landan suna da kwamitin da ke fitar da jerin yankunan da ake ɗauka na yaƙi ne, kuma sau da yawa kuɗin inshora ya fi jawabin minista faɗin gaskiyar halin da ake ciki. Bayan da 'yan Houthi suka kama jirgin Galaxy Leader a Nuwamban 2023, manyan kamfanonin sufuri suka bar Bahar Maliya suka koma zagaye ta Afirka ta Kudu, tafiya ta ƙaru da kwana goma ko fiye, kuɗin shigar da Masar ke samu daga mashigin Suwez ya faɗi daga sama da dala biliyan 10 a 2023 zuwa wajen dala biliyan 4 a 2024, hayar kwantena kuma ta tashi har a hanyoyin da ba su bi ta can ba, saboda jiragen sun daɗe ba su dawo ba.

Ki gaya wa 'yan ajinku abu ɗaya don Allah. Duk wanda ya turo saƙo a WhatsApp cewa yana da bayanin sirri daga wani babban jami'i kan hannun jarin da zai tashi gobe, ɗayan biyu ne: ko ƙarya yake yi yana neman wanda zai sauke wa kayansa, ko gaskiya yake faɗa, wanda hakan laifi ne a dokar kasuwar hannun jari ta Najeriya.

Tambaya: Barka da aiki, Malam. Ina da motocin ɗaukar kaya a Maraɗi. Wani abokina ya ce mu haɗa jari mu gina babban sito mu kuma sayi tankokin mai, tunda Nijar ta zama mai fitar da ɗanyen mai, ga kuma layin dogo daga Kano yana tafe. Me kake gani? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Barka kadai, Alhaji. Babu wanda ya fi mutanen Maraɗi sanin amsar wannan tambaya a jikinsu, nawa kawai tuni ne.

Arzikin gaskiya ne. Kamfanin CNPC na Sin yana haƙar mai a Agadem cikin jihar Difa, matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram tana aiki tun 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, sannan an shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme kusa da Kwatano a Jamhuriyar Benin domin fitar da wajen ganga 90,000 a rana. Amma ka dubi abin da ya same shi tun kafin ya cika shekara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita, motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela albasa tana ruɓewa a ciki. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma hukumomin Yamai suka ƙi buɗe iyakarsu da Benin, suna zarginta da ba sojojin Faransa masauki, zargin da Kwatano ta musanta. A watan Mayu Shugaban Benin, Patrice Talon, ya hana lodin man, sai da Sin ta shiga tsakani jirgin farko ya yi lodi. A watan Yuni aka kama wasu 'yan Nijar a tashar Seme, Nijar ta rufe famfon daga nata ɓangaren, a watan kuma wata ƙungiyar 'yan tawaye ta fasa bututun. Man yana ƙarƙashin ƙasa, mai saye yana jira, bututun sabo ne, abin da ya tsayar da komai shi ne rashin jituwar gwamnatoci biyu.

Wannan ita ce ƙaddarar ƙasar da ba ta da bakin teku. Man Cadi sai ya ratsa Kamaru zuwa Kiribi, man Sudan ta Kudu sai ya ratsa Sudan, shi ya sa a 2012 gwamnatin Sudan ta Kudu ta rufe rijiyoyinta gaba ɗaya kan rigimar kuɗin bututu, a 2024 kuma yaƙin Sudan ya sake tsayar da akasarin man nata. Duk mai sa jari a irin wannan wuri yana dogara ne da zaman lafiyar ƙasashe biyu, ba ɗaya ba.

Ga kuma batun dokar wasa da ke iya sakewa. A Yunin 2024 an janye wa kamfanin Orano na Faransa lasisin haƙar yuraniyom a Imouraren, a Yunin 2025 aka mayar da kamfanin yuraniyom na Somair da ke Arlit mallakar gwamnati, kuma a Maris na 2025 an sallami wasu manyan jami'an kamfanonin man Sin daga ƙasar. Na fahimci dalilin da ya sa 'yan Nijar da yawa suka yi murna da batun yuraniyom, domin an shafe sama da shekaru 50 ana kwasar sa daga Arlit yana haskaka biranen Faransa, alhali yawancin ƙauyukan Nijar suna cikin duhu, kuma wannan koke ne na gaskiya. Sai dai ga ɗan kasuwa irinka abin yana da fuska ta biyu: idan babban kamfani ya shiga rigima da gwamnati, ƙananan 'yan kwangila da masu motocin haya su ne na farko da ake daina biya, su ne kuma na ƙarshe da ake tunawa da su ranar sulhu.

Game da tankokin, ka tuna cewa ɗanyen man da ake fitarwa bututu yake bi, ba mota ba. Kasuwar tanka ita ce ta tataccen mai, ita kuwa tana hannun shawarar gwamnatoci: da Shugaba Tinubu ya cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, cinikin man da ke tsallaka iyaka ya canja kama gaba ɗaya, kuma ƙarancin fetur da aka yi a Nijar a farkon 2025 yana da nasaba da hakan. Tanka ba ta ɗaukar wake ko siminti ko shanu, motar da kake da ita yanzu kuwa tana ɗauka, kuma idan hanyar Kwatano ta rufe tana iya bin ta Lome ko ta Kano. Sito ba ya tashi daga inda aka gina shi, don haka kada ginin ya dogara da ranar da aka ce jirgin ƙasa zai iso, a gina shi daidai da cinikin da ake yi yau, ta yadda zai ci da kansa ko layin dogon ya makara. Ku rubuta yarjejeniyarku a gaban shaidu, ku sa a ciki abin da za a yi idan iyaka ta rufe wata shida, da yadda ɗayanku zai fita idan ya so.

Tambaya: Malam, mahaifiyata ta sa kuɗin sallamarta a takardun bashin gwamnatin Gana, aka ce mata babu abin da ya fi su aminci, sai ga shi an sauya mata sharuɗɗa. Yaƙin Yukren ne ya jawo, kamar yadda aka faɗa mana? Daga wata mai karatu a zangon Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar wa Mama da alheri, ya ƙara mata lafiya. Yaƙin yana da hannu, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin 2022 bashi ya riga ya yi wa Gana katutu, kuɗin ruwa kaɗai yana cinye fiye da rabin kuɗin shigar gwamnati, ga basussukan ɓangaren wutar lantarki da suka taru saboda yarjejeniyoyin da suka wajabta biyan kamfanoni ko an sha wutar ko ba a sha ba. Da yaƙin ya zo, man fetur da alkama da takin zamani suka yi tsada a lokaci guda, babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri zuwa sama da kashi 5 cikin 100 tsakanin Maris na 2022 da Yulin 2023, masu ba da bashi suka kwashe dalarsu suka koma gida, kuɗin Gana, sidi, ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a Disamban 2022. A wannan wata gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, ta kuma buƙaci masu takardun bashin cikin gida su musanya su da sababbi masu ƙarancin riba da tsawon wa'adi, domin share hanyar rancen dala biliyan 3 da asusun IMF ya amince da shi a Mayun 2023.

A wannan musaya an ware takardun gajeren wa'adi, na kwana 91 zuwa shekara guda, ba a taɓa su ba, sannan bayan zanga-zangar da tsofaffin ma'aikata suka yi a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Akra, an ba 'yan fansho da ɗaiɗaikun mutane sharuɗɗa dabam da na bankuna. Saboda haka ki raka Mama bankin da ya sayar mata, ku nemi a ba ku a rubuce wace irin takarda take riƙe da ita yanzu, ko ta shiga musayar ko ba ta shiga ba, nawa ne ribar kowace shekara, da ranar da za a biya uwar kuɗin, kafin kowa ya lallashe ta ta sayar da ita a kan rangwame.